Amsa ga mai neman manyan kalmomin Turanci

Ƙanina, ka ce kullum kana haddace manyan kalmomin Turanci saboda JAMB amma kafin gari ya waye sun gudu, kana so a turo maka wani jerin da ma'anoninsu. Na daɗe ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kuma shawarata ka ajiye haddar nan tukuna.

Yawancin kalmomin da ke firgita ku daga Latin da Girkanci suka fito, da dama kuma ta Faransanci suka shigo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Saiwoyinsu kuwa maimaituwa suke yi. Bene alheri ne, mal sharri. Da ka riƙe wannan, benevolent mai nufin alheri da malevolent mai mugun nufi sun zama naka, haka malignant da likitoci ke kiran ƙari mai haɗari da shi. Chron lokaci ne, shi ya sa chronic ciwo ne da ya daɗe yana cin mutum.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne kalmomin da suke kusa da juna. Famous shahara ce, notorious ƙaurin suna. Na sha ganin yaro ya kira shugaban makarantarsu notorious a insha'i, shi a zuciyarsa yabo yake yi, kuma abin yana ba ni takaici don jerin hadda ne ya kai shi. Mitigate rage raɗaɗin abu ne, kishiyarsa exacerbate, wato ta'azzara shi. Ambiguous magana ce mai harshen damo. Irin wannan bambancin ake gwadawa a tambayoyin kalma mafi kusa da ma'ana da na kishiya.

In dai jeri kake so, nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan jami'a. Amma ka rage su zuwa biyar a rana. Kowace ka duba ta a ƙamusun Oxford na masu koyo, ka kwafi jimlar misalin da ke ƙarƙashinta, don a nan za ka ga da waɗanne kalmomi take tafiya. Sannan ka gina jimlarka a kan abin da ya faru a unguwarku ranar. Ka riƙa turo su nan duk Juma'a, ni ko wani malami zai duba maka.