Outlook ko Thunderbird: wanne zan saka a kwamfutar ofis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gini a Kano. Akwatunan imel uku nake kula da su: ɗaya na Gmail, ɗaya na Yahoo da aka buɗe tun da daɗewa, sai na kamfani mai ɗauke da sunan shafinmu. Kullum ina cikin burauza, in shiga wannan in fita daga wancan, kuma da zarar sabis ya ɗauke ko takardar farashin da aka turo jiya ba na iya gani. Wani ya ce in saka Outlook, wani kuma ya ce Thunderbird. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne idan na saka, saƙonnin za su ɓace daga wayar maigidanmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A yadda kika bayyana aikinki, Thunderbird zan ce ki saka. Amma tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, don haka a kanta zan fi daɗewa. Eh, saƙonni suna iya ɓacewa daga wayar maigidanku, sai dai abin da ke jawo hakan wani zaɓi ne guda ɗaya da ake yi lokacin haɗa akwatin, ko da wace manhaja aka yi amfani.

Idan kika buɗe Gmail a burauza, leƙe kawai kike yi cikin rumbun Google ta taga, sabis na ɗaukewa tagar ta rufe. Manhajar imel ta kwamfuta kuwa zuwa take yi ta kwafo saƙonnin ta ajiye miki a cikin kwamfutarki. Shi ya sa za ki iya karanta takardar jiya, ki nemo saƙon bara, ki rubuta amsa, duk ba tare da intanet ba. Kuma akwatunanki uku za su jeru a gefe guda na allo.

Hanyoyin kwasowar iri biyu ne: POP3 da IMAP. POP ya fito ne daga zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya tal. Aikinsa kamar na ɗan aike ne da ya je gidan waya ya kwashe wasiƙun akwati ya kawo gida. Yana iya barin kwafi a can, amma sau da yawa a yadda manhajojin suke zuwa, bayan kwana 14 sai su goge na can. Daga nan wanda ke duba akwatin a waya zai ga tsofaffin saƙonni suna raguwa bai san dalili ba. Sannan duk abin da kika aika daga kwamfutar, a cikinta kaɗai zai zauna, maigida ba zai ga amsar da kika ba abokin ciniki ba. IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 1986, ya sha bamban. Saƙonnin suna nan a rumbun kamfanin da ke riƙe da akwatin, kwamfuta da waya duka madubinsa ne. Kika karanta a nan, zai nuna an karanta a can. Kika aika a nan, maigida zai gani a wayarsa. To lokacin da manhajar ta tambaye ki, IMAP za ki zaɓa, a duka akwatunan uku.

Ina nanata wannan ne saboda na gani da idona. An taɓa kira na wani ofis inda aka haɗa akwatin kamfani da POP shekaru da dama. Ma'adanar kwamfutar ta mutu rana ɗaya. Da muka shiga rumbun, saƙonnin mako biyu kawai muka tarar. Rasiɗai, yarjejeniyoyi, wasiƙun banki, duk sun tafi tare da faifan. Har yau ina tuna fuskar akantan wurin, kuma ba na so hakan ta same ki.

Sai dai IMAP ma yana da nasa kaifin, kuma ki riƙe wannan da kyau: tun da madubi ne, abin da kika goge a kwamfuta ya gogu a ko'ina. Haka kuma idan wani ya sace kalmar sirri ya share akwatin, manhajarki za ta bi sahu ta share nata kwafin da zarar ta haɗu da intanet. Saboda haka kada ki ɗauki IMAP a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. A Thunderbird akwai wani sashe mai suna Local Folders, wanda ba ya da alaƙa da kowane rumbu. Duk ƙarshen wata ki kwafi muhimman saƙonni zuwa can, kwafi nake nufi, ba ɗaukewa ba. Sannan ki rufe manhajar, ki shiga foldar da take ajiye komai nata, a Windows tana %APPDATA%\Thunderbird, ki kwafe ta gaba ɗaya zuwa filas ko faifan waje, ki kulle a durowa. Ranar da kwamfuta ta lalace, wannan foldar ce za ki mayar a sabuwa, komai ya dawo yadda kika bar shi.

Yanzu ga dalilin da na ce Thunderbird. Kyauta ce, babu talla, kuma ba sabuwar shiga ba ce: a Disamban 2004 aka fitar da sigarta ta 1.0, tun 2020 kuma wani reshe na Gidauniyar Mozilla mai suna MZLA Technologies ne ke kula da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta ƙayyade miki yawan akwatuna ba, kuma kai tsaye take magana da rumbun kowane akwati, babu mai shiga tsakani. A thunderbird.net kaɗai za ki sauke ta. Idan kwamfutar ofis ɗin Windows 7 ko 8 ce, siga ta 115 ce ta ƙarshe da ke aiki a kansu, kuma gaskiya irin wannan kwamfutar ta isa a sabunta ta, don ko Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

Outlook kuwa yanzu suna ɗaya ne a kan abubuwa biyu, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai na asali, wanda ke zuwa cikin Office tun 1997. Manhaja ce mai ƙarfi, kuma da a ce kamfaninku yana biyan Microsoft 365, kuna raba kalanda da jerin sunayen ma'aikata, da shi zan ce ki riƙe ba tare da wata-wata ba. Amma na kuɗi ne, kuma sau da yawa kwamfutocin da ake saye a kasuwa Office ɗin da ke kansu ba mai lasisi ba ne. Ban yarda a ɗora wasiƙun kamfani da kalmomin sirrinsa a kan manhajar da aka fasa ba. Sai kuma sabon Outlook na kyauta, wanda ya gaji manhajar Mail ta Windows bayan an daina tallafa mata a ƙarshen 2024. Shi kan fasahar shafin intanet aka gina shi, yana nuna talla ga wanda bai biya ba, aikinsa idan babu sabis bai kai na tsohon ba, kuma idan kika haɗa masa Gmail ko akwatin kamfani, sai ya riƙa kwafar saƙonnin zuwa rumbun Microsoft kafin su iso gare ki. Ga wadda matsalarta ita ce yankewar sabis, bai dace ba. Akwai wasu, irin eM Client da sigarta ta kyauta ke ɗaukar akwati biyu kawai, da Apple Mail ga mai Mac, amma ba su shafe ki ba.

Wajen haɗawa, Gmail da Yahoo ba za su wahalar da ke ba. Ki rubuta adireshin, Thunderbird za ta nemo saitin da kanta, sannan wata taga ta Google ko ta Yahoo za ta buɗe ki shiga a can, ki ba da izini. Wannan tsari shi ake kira OAuth2, kuma amfaninsa shi ne manhajar ba ta buƙatar riƙe ainihin kalmar sirrinki. Tun 30 ga Mayun 2022 Google ta daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga manhajoji a akwatunan Gmail na ɗaiɗaikun mutane, don haka idan tsohon Outlook yana ta cewa kalmar sirri ba daidai ba alhali daidai take, wannan ne dalili. Akwatin kamfani shi ne zai iya neman ki cike da hannu. Ki tambayi wanda ya yi muku shafin sunan rumbun karɓa da na aikawa. Lambar ƙofar IMAP mai tsaro ita ce 993, ta aikawa kuma 465 ko 587. Idan aka ce ki saka 143 ko 110 ba tare da tsaro ba, ki ƙi, domin a haka kalmar sirrinki a buɗe take tafiya a kan hanya.

Batun data kuma, kada ki yi haɗin farko da hotspot ɗin wayarki. Akwatin Gmail na kyauta yana ɗaukar har gigabait 15, kuma Thunderbird za ta so ta sauke duk abin da ta tarar. Kafin ta yi nisa, ki shiga Account Settings, ki buɗe Synchronization & Storage. A nan za ki iya cewa ta ajiye saƙonnin kwanaki kaza na baya-bayan nan kawai, kuma kada ta sauke saƙon da ya wuce girma kaza sai kin buɗe shi. Ni da zan zaɓar miki, sai in ce wata shida, domin takardun farashi da rasiɗan da ake yawan komawa kansu ba su cika wuce haka ba. Wani abu game da Gmail: yana da folda mai suna All Mail wadda ke ƙunshe da kwafin kusan komai. Idan kika bar ta cikin waɗanda ake saukewa, wuri zai cika a banza. Ki cire mata alama a wannan shafin.

Idan sabis ya ɗauke kina tsakiyar aiki, ki ci gaba da rubutu. A maimakon Send sai ki zaɓi Send Later, saƙon ya jira a Outbox, sabis na dawowa ki sallame su gaba ɗaya. Ki lura da girman fayil ɗin da kike maƙalawa: Gmail yana tsayawa a megabait 25, kuma fayil yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka naɗe shi cikin imel, to hotunan kaya ki rage musu girma tukuna. Idan kina rubutu da Hausa, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna isa lafiya domin da tsarin UTF-8 take aikawa.

Saura tsaro. Tun da saƙonnin yanzu suna cikin kwamfutar, duk wanda ya zauna kan kujerarki zai iya karanta su ko babu intanet. Ki sa wa Windows kalmar sirri, ki riƙa danna maɓallin Windows da L duk lokacin da za ki tashi, ko salla za ki je. A cikin Thunderbird akwai Primary Password, ki kunna, amma ki sani kalmomin sirrin da aka adana kawai take karewa, ba ta rufe saƙonnin da aka riga aka sauke. Za ki kuma ga manhajar tana toshe hotunan da ke cikin wasu saƙonni tana neman izininki. Ba matsala ba ce, da gangan ne, domin ana amfani da irin waɗannan hotuna a gane an buɗe saƙo. Kamfanin da ke hulɗar kuɗi kamar naku kuwa shi 'yan damfara suka fi hara: saƙo zai zo da sunan dilan da kuka saba, yana cewa an canza lambar asusun banki. Ki duba cikakken adireshin da ke bayan sunan, harafi bayan harafi, sannan ki ɗaga waya ki kira dilan a lambar da kike da ita tun da, kafin a tura ko sisi.

Ki fara da akwatin Gmail shi kaɗai. Ki aika wa kanki saƙo, ki tabbatar ya bayyana a wayar maigida, a shigowa da kuma cikin waɗanda aka aika. Idan kika ga haka, sai ki haɗa na Yahoo, na kamfani ya zo ƙarshe. Allah Ya taimaka.