Kafin ka zargi yaron, duba agogo

Wani ɗan kasuwa a nan Sakkwato ya turo tambaya, yana da Keke Napep biyu masu kai kayan masarufi daga Babbar Kasuwa zuwa shaguna a Arkilla, Mabera da Kwannawa, kuɗin dako kuma gwargwadon nisa yake yankawa. Riba ba ta zama, yana zargin ɗan yayansa da ke jan ɗaya, kuma yana son cin bashi ya ƙaro keke na uku wai kafin baɗi ya zama mai kamfani.

Alhaji, ajiye maganar kamfani tukuna. Kai nisa kake sayarwa, alhali lokaci ne ke cin kuɗinka, kuma a duk bayaninka ba ka faɗi minti nawa sawu ɗaya ke ɗauka ba, don ba ka rubutawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk keken da ya tsaya inji na kunne a shataletalen Mai Ruwa ko Gidan Man Ada, 'yan kabu-kabu sun toshe gaba da baya, wallahi aljihunka ke ƙonewa.

Masu tsara hanyoyin manyan birane ma sun daɗe da wannan ciwon. Lissafin da hukumar hanyoyi ta Amurka ta fitar a 1964 yawan motoci kan doguwar hanya yake dubawa, mahaɗa ba ta samu kulawa ba, alhali a cikin gari nan ake ɓata lokaci. Wani injiniya a Ingila, Webster, tun 1958 ya nuna jira a danja ba a hankali yake ƙaruwa ba, muddin motoci suka kusa cika abin da mahaɗar za ta iya ɗauka sai jiran ya yi tsalle. Shi ya sa hanyar da yaron ya bi da hantsi lafiya lau, lokacin tashi daga makaranta sai ta riƙe shi. Sannan juyawa hagu ta fi tsada tunda sai ka jira masu tahowa, kamfanin kai saƙo na Amurka, UPS, ma tsara hanyoyinsa yake don direbobi su rage ta.

Mu ƙaddara sawu 12 kuke yi a rana, kowane ya bar minti 10 a mahaɗa, awa 2 ke nan, in sawu minti 40 yake ɗauka kusan sawu 3 sun tafi. In sawu naira 1,500 ne, ka ga 4,500 kullum ba wanda ya sata.

Na san wani mai gidan burodi da ya kori direbobi biyu kan zargi irin naka, har zumunci ya lalace, na ukun ma kuɗin da yake kawowa bai canza ba. Ashe fitowar ce ba ta yi ba, da ya dawo da lodi bayan sallar asuba sai magana ta mutu, amma uwar yaron farko har yau ba ta gaisa da shi.

Sayi littafi, mako biyu kowane direba ya rubuta lokacin tashi, lokacin isa, da inda ya maƙale. Daga nan ka yanka kuɗi kan lokaci, shagon da ke bayan mahaɗa uku ya biya fiye da na kan miƙaƙƙiyar hanya ko da ya fi kusa, kayan Kwannawa kuma a haɗa su sawu ɗaya da sassafe. In littafin ya nuna minti 40 yaron kuma ya ɓace awa 2, to kira shi ku zauna. Bashin keke na uku dai ban goyi baya ba, layi ɗaya zai shiga da 'yan uwansa.