Me ya sa sabon mawaƙin rock ke shan wuya kafin rediyo ya saka waƙarsa?

Ɗan'uwa, tambayarka tana da tushe mai tsawo. A 1951 wani mai gabatar da shirin rediyo, Alan Freed, ya fara saka irin wannan kiɗa a tashar WJW ta birnin Cleveland a Amurka. A lokacin, mai gabatar da shiri ne ke ɗauko faifan da ransa ya so. Sai kamfanonin waƙa suka fara cusa wa masu shirye-shirye kuɗi a aljihu, abin da ake kira payola. Asiri ya tonu a 1959, Freed ya rasa aikinsa, a 1960 kuma majalisar dokokin Amurka ta haramta karɓar irin wannan kuɗi a ɓoye. Daga nan zaɓi ya koma hannun shugabannin tasha, su kuwa sun fi son sunan da aka riga aka sani.

Shi ya sa nake ganin girman John Peel, mai gabatar da shiri a tashar BBC Radio 1 ta Birtaniya. Daga 1967 har rasuwarsa a 2004, yakan zauna ya saurari kaset ɗin da matasa suka aiko masa ta gidan waya, in ta burge shi ya saka.

In kai ma waƙa kake yi, fara da tashoshin jami'o'i da ƙananan tashoshin gari. A Birtaniya kuma akwai BBC Introducing tun 2007, wato tsarin BBC na tallafa wa sababbin mawaƙa, inda kake tura waƙarka ta intanet.