Dokina Ya Ƙi Zamiya

Tambaya: Malam, wata shida ke nan ina koyon hawan kaboyi a jihar Oklahoma ta Amurka. In na ja linzami don zamiya, sai dokin ya ɗaga kai yana turjiya. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, hannunka ne ya yi nauyi, kuma ina tausayin bakin dokin nan. Zamiyar masu hawan kaboyi ba irin ta jafin hawan sallah ba ce, a sake suke barin linzami. Koma tafiya a hankali: zauna daram cikin sirdi, sassauta ƙafafu, ka ce "wo", wato kalmar da suke tsayar da doki da ita. In bai tsaya ba, sannan ka taɓa linzami, ka mayar da shi baya taku uku. Kada ka yi sukuwa sai ya gane wannan. A gasa daga maki 70 alƙali yake farawa, turjiya kuwa rage su take yi.