Bankin da jiha ta ba lasisi a Amurka: a ajiye kuɗi a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan abinci a unguwar Bronx ta birnin New York, ina kuma tura motoci gida. Wani ƙaramin banki kusa da shagona ya yi min tayin asusun kasuwanci mai sauƙin caji, amma abokina ya ce lasisinsa na jiha ne, don haka ba shi da mai tsawatar masa. Kuɗin motocin jama'a sukan kwana a hannuna. In kai su can?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka ya auna Amurka da mudun gida ne. A Najeriya Babban Banki kaɗai ke ba banki lasisi, har ƙananan bankunan da ake kira na jiha. A Amurka ƙofa biyu ce tun 1863. Banki na iya karɓar lasisi daga hukumar tarayya ta OCC, shi ne za ka ga kalmar National ko haruffan N.A. a sunansa, ko ya karɓa daga jiharsa. Mafi yawan bankunan ƙasar ta ƙofar jiha suka shigo, har da manya irin su M&T da Bank of New York Mellon.

Maganar rashin mai tsawatarwa kuwa ba ta taso ba, don bankin jiha iyayen gida biyu ne da shi. A New York hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar, wato DFS, ce ke ba da lasisi, ita ke da ikon rufe banki. Sannan akwai idon tarayya: in bankin ya shiga tsarin Babban Bankin Amurka, shi zai riƙa duba shi, in bai shiga ba FDIC ce, wato hukumar tarayya mai yi wa ajiyar banki inshora. Duk wata 12 zuwa 18 masu bincike kan shiga su duba jari, bashin da aka bayar da yadda ake tafiyar da gidan, su ba shi maki daga 1 zuwa 5. Makin nan sirri ne, ko ka tambayi manaja doka ta hana shi faɗa maka.

Sa ido bai hana durƙushewa. A watan Maris na 2023 California ta rufe Silicon Valley Bank, bayan kwana biyu New York ta rufe Signature Bank, dukansu masu lasisin jiha. Abin da ya kada su shi ne yawancin ajiyar da ke cikinsu ta zarce abin da inshora ke biya, da tsoro ya shiga sai kowa ya ruga cire nasa lokaci guda. Gwamnati ta biya kowa cif a wancan karon don gudun kada wutar ta ci sauran bankuna, amma ban ga alamar za a yi wa ƙaramin bankin unguwa irin wannan gatan ba.

Saboda haka ni inshorar zan sa ka bincika. Shiga shafin FDIC, ka rubuta sunan bankin a wurin bincikensu mai suna BankFind. In yana ciki, ajiyarka tana da kariya har dala 250,000, daidai da ta kowane bankin tarayya. Inda 'yan kasuwa ke yin tuntuɓe shi ne lissafin wannan iyaka. In shagon da sunanka kawai yake, ba ka yi masa rajistar kamfani ba, za a haɗa kuɗin shago da na asusunka na kanka a bankin a ƙirga su ɗaya. In kamfani ne mai rajista, yana da nasa 250,000 daban. Kuɗin motocin jama'a da ka zuba cikin asusunka kuwa, a idon FDIC naka ne, sun shiga cikin iyakarka. Ka tambayi bankin asusun amana wanda za a rubuta cewa kuɗin na wasu ne, ka kuma riƙe littafin da ke nuna na wane nawa ne. In abin ya haura iyaka, raba shi banki biyu. Rassa biyu na banki ɗaya ba su raba komai.

Abin da ya fi damuna ma shi ne manhajojin waya da kamfanonin tura kuɗi gida. Su ma da yawansu lasisin jiha suke nunawa, amma lasisin aika kuɗi ne, ba bankuna ba ne. Da kamfanin Synapse, mai haɗa manhajojin kuɗi da bankuna, ya karye a 2024, mutane sun shafe watanni ba su iya taɓa kuɗinsu, FDIC kuma ba ta biya ba tunda babu bankin da ya faɗi. Yi aike da su in farashinsu ya yi maka, amma kada kuɗin mota ya kwana a can.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi bankin nawa suke caji kan aika kuɗi waje, da kuma ko suna karɓar hulɗa da Afirka ta Yamma, domin wasu ƙananan bankuna kan rufe asusun da ke yawan irin wannan aike.