Amsa ga ɗan'uwan da ya gaji bindigar iskar kakansa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Na ga tambayarka, ka ce bindigar ta yi tsatsa, rubutun jikinta ya dushe sai hoton wata mace riƙe da bindiga, kuma in ka harba harsashin a gabanka yake faɗuwa, kana son sanin wace iri ce da yadda za a gyara. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, don irinta mahaifinmu ya bari.

Macen nan tambarin kamfanin Diana na Jamus ce. In ka lura da kyau za ka ga baka yashe a ƙasa wajen ƙafarta. Amma kar ka yi saurin cewa ta Jamus ce, don bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Milbro a Sikotlan ma ya yi ta ƙera bindigogi da sunan Diana, asalin kamfanin kuwa a garin Rastatt na Jamus aka kafa shi a 1890. Nemi inda aka rubuta ƙasar da aka ƙera ta. Ka goge bayan silindar ta hagu, dab da katako, da tsumma da ɗan man keken ɗinki, ka haska tocila a karkace, sau da yawa akwai lambobi ƙanana na wata da shekara, kamar 05 74. Lambar samfuri kuma tana sama, 25 ko 27 ko 35.

Don Allah, don Annabi, kar ka ba mai walda ko bakanike. Tamu 27 ce, lafiyarta ƙalau sai dai ƙarfi da ya ragu, aka ce ai akwai wani gwani a layinmu, har babur yake farkewa ya haɗa. Mutumin nan ya karɓa yana cewa Alhaji wannan ai wasan yara ne. Ya kwance bayanta ba tare da ya danne sifirin ba, abin ya yi tsalle, ƙananan boris guda uku da ke cikin kunamar suka watse a cikin ƙasa da baƙin mai, biyu ya tsinta, na ukun ya cusa na keke ya yi shiru bai gaya min ba. Bai tsaya nan ba fa. Wai ya ga tsatsa, ya sa samfefa ya kankare jikinta tas, macen nan da lambobin duk suka tafi, sannan ya fesa mata baƙin fenti irin na ƙofa, katakon da hannun Baba ya sa ya yi santsi shi ma ya shafe shi da wani abu mai ƙyalli har yana danƙo. Da na je karɓa murmushi yake, wai ta dawo sabuwa, har yana neman ƙari a kan kuɗin aiki. Na riƙe ta a bakin shagon na kasa magana. Da na nuna masa wurin da tambarin yake sai ya ce to rubutu ne ke harbi? Har yau in na wuce ta wurin ba na iya kallon shagon, kuma mahaifiyarmu da ta gani cewa ta yi wannan ba ta Malam ba ce.

To, batun rashin ƙarfi. Tsofaffin nan fata ce a kan fistin ɗinsu, ba roba ba, in ta shekara a ajiye a zafin nan namu bushewa take iska ta riƙa zurarewa. Kafin a kwance komai, karya ta kamar za ka sa harsashi, ka ɗiga man silikon kaɗan a ɗan ramin da iska ke fitowa, ka jingine ta baki sama ta kwana biyu, fatar ta sha. Sau da yawa shi ke nan ciwon. Baƙin mai ko man birki kar su shiga ramin nan, kamawa suke da wuta saboda matsin iska, za ka ji ƙara da hayaƙi ka ɗauka ƙarfi ne ya dawo alhali fatar ce ke ƙonewa, sifirin ma yana iya karyewa. Kuma ban da harbi ba harsashi a ciki, yaran gida sun fi kowa yin wannan, ka ɓoye ta. Na san wani yaro da aka cusa wa bindigar babansa ƙusa da tsakuwa, zanen cikin bututun ya lalace, harsashin dalma kawai ake sa mata, mai kaurin milimita 4.5 ko 5.5, duba wanda aka rubuta a gindin bututun.

Akwai wata 'yar washa ta fata a gindin bututun inda ake sa harsashi, ɗora 'yar takarda mara nauyi a wurin ka harba, in ta tashi to iska na fita. Wannan kam baduku mai hankali zai yanka maka ita daga ƙirgi in ka kai masa tsohuwar, ita kaɗai za ka kai, ba bindigar ba. Ka san yadda hanya take yanzu, ga batun lasisi, kar ka saɓa ta ka fita.

Tsatsa kuma soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da mai, a hankali, ba na wanke tukunya ba. Inda ta ci rami ka bar shi haka. Katako tsumma mai ɗan danshi ya isa, sai man linsid kaɗan ka murza da tafin hannu.

In har sai an buɗe, a yi da abin danne sifirin kuma kana tsaye a wurin, a shimfiɗa farin zane a ƙasa saboda boris ɗin nan. Turo mana hoton gefen hagu da na saman silindar tukuna, kafin kowa ya taɓa ta.