Hukuncin Bautar da Aka Yi a Amurka da Yaƙin da Ya Kawo Ƙarshenta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, muna karanta tarihin Amurka a jami'a sai gardama ta kaure tsakaninmu. Wani abokin karatunmu ya ce tunda Musulunci bai haramta bauta ba, masu gonakin auduga na kudancin Amurka ba su da laifi a shari'a. Ya ce bayin da suka gudu su ne da zunubi saboda hadisin gudajjen bawa, waɗanda suka yi fafutukar hana bauta kuwa sun haramta abin da Allah Ya halatta. Ina gaskiyar maganar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abokinka ya ga suna ɗaya sai ya ɗauka hukunci ɗaya ne. Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan suna, sai sun tambayi yadda abu ya samu. To bari mu tambaya: ta wace hanya mutanen nan suka shiga hannun waɗanda suka mallake su?

Asali a shari'a kowane ɗan Adam ɗa ne, wato mai 'yanci, wanda ya ce wani bawansa ne shi zai kawo hujja. Ƙofar bauta da malamai suka sani ita ce kamammen yaƙi, yaƙin da shugaban Musulmi ya jagoranta bisa sharuɗɗansa, kuma ko a nan bautarwa zaɓi ce cikin zaɓuɓɓuka, domin aya ta 4 ta Suratu Muhammad saki kyauta da karɓar fansa ta ambata. Satar mutum, kai wa ƙauye hari don a sami na sayarwa, kama matafiyi a hanya, duk ba sa mayar da ɗa bawa. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya gama bai biya shi ba.

Cinikin bayi na Tekun Atilantika kuwa a kan wannan haramtacciyar hanya ya ginu. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka, kusan miliyan 2 suka mutu kafin a sauka. Waɗanda aka kai yankin da ya zama Amurka kai tsaye ba su kai 400,000 ba, cikin na farko-farkonsu akwai wajen mutum 20 da aka sauke a Virginia a 1619. Amma a ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4. Ba jirage suka kawo wannan yawan ba, tunda an hana shigo da bayi tun 1808, haihuwa ce. A nan fiƙihu yake da magana bayyananniya. Cinikin ɗa ɓatacce ne tun daga tushe, ko ya bi ta hannu goma bai zama dukiyar na goman ba, kamar yadda kayan ƙwace ba sa halatta don an saye su a kasuwa. Abin da 'yantacciyar mace ta haifa kuma ɗa ne. Idan kakar farko sato ta aka yi, jikokinta har tattaɓa-kunne 'ya'ya ne. Inda aka yi shakkar yadda aka kama wani, a koma ga asali, wato 'yanci.

Da yawa cikinsu ma Musulmi ne masu karatu. Ayuba Sulaiman Jallo na Bundu an kai shi gonar taba a Maryland, ya samu ya koma gida a 1734. Abdurrahman ɗan Ibrahim Sori na Futa Jalon ya yi shekara 40 yana bauta kusa da Natchez kafin a sake shi a 1828. Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro ya rubuta labarin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya buɗe shi da Suratul Mulk, ya kuma rasu yana hannun masu shi. Bautar da Musulmi ɗa babu malamin da ya halatta ta. Kada kuma mu wanke kanmu: akwai sarakuna da fatake na wannan nahiya, har da masu sallah, da suka kama mutane suka miƙa wa Turawa a bakin teku. Hadisin nan na Buhari bai ware su ba.

Sannan Amurka ta ɗaure bauta da launin fata. A 1667 Virginia ta yi doka cewa shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa, a 1857 kuma kotun ƙoli ta ce a shari'ar Dred Scott baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Limaman cocin kudu suna kafa hujja da la'anar da aka ce ta hau zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Wannan shubuha Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya riga ya rushe ta a fatawarsa ta 1615, inda ya ce baƙin fata ba dalilin bauta ba ne, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba.

Ko da za mu yi wa abokinka sassauci mu ce mallakar ta inganta, mu'amalar ta saɓa wa shari'a gaba da baya. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa yana bin uwarsa ko da ubangijinta ne ya haife shi, sai ga mutum yana sayar da ɗan cikinsa. A fiƙihu wannan yaro ɗa ne mai gado, uwarsa ta zama ummul waladi, ba a sayar da ita, kuma ta 'yantu da mutuwar ubangijin. Bayan an ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, an kwashe kusan mutum miliyan 1 daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa sababbin gonakin Alabama da Mississippi da Louisiana, ana raba uwa da ɗa a wurin gwanjo, alhali Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama. Dokarsu ba ta san auren bawa ba. Jihohi da dama sun haramta koya masa rubutu. Ko 'yantawar ma sun ƙuntata ta: daga 1806 wanda aka 'yanta a Virginia dole ya bar jihar cikin wata 12. Alƙur'ani kuwa ya yi umarni da mukataba, wato yarjejeniyar bawa ya fanshi kansa, a aya ta 33 ta Suratun Nur, ya ware wa fansar wuyaye, wato 'yanta bayi, kaso a zakka, kuma a mazhabar Malikiyya bawan da ubangijinsa ya nakasa da gangan alƙali 'yanta shi yake yi.

Daga nan hukuncin gudu ya fito fili. Hadisin gudajjen bawa yana magana ne a kan wanda mallakarsa ta inganta. Wanda aka tsare da zalunci, gudunsa kuɓuta ce, ba shi da zunubi. Frederick Douglass da ya tsere a 1838, da Harriet Tubman da ta riƙa komawa Maryland tana fito da 'yan'uwanta, ba su ɗauki haƙƙin kowa ba. Dokar 1850 da ta tilasta wa mutanen arewa taimakawa wajen kamo gudaddu, umarni ne da taimakon zalunci, ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci.

Masu fafutukar, tun daga 'yan ɗariƙar Quaker ta Kiristoci da suka rubuta ƙorafi a Germantown a 1688 har zuwa William Lloyd Garrison da ƙungiyar yaƙi da bauta ta 1833, ba Musulmi ba ne, amma wannan bai hana a ce aikinsu daidai ne ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Hilful Fuduli, ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla a jahiliyya don taimakon wanda aka zalunta. Sakamakonsu na lahira wannan na Allah ne.

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 tsakanin arewa da kudancin Amurka ba jihadi ba ne, kada a ba shi sunan da ba nasa ba. Shugaban ƙasar na lokacin, Lincoln, ya shige shi ne don hana ƙasa rabewa, kuma shelarsa ta 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863 ba ta shafi jihohi masu bayi da suka tsaya tare da shi ba, irin su Kentucky da Delaware. Sai gyara na 13 ga tsarin mulki a Disamba 1865 ya gama da bautar baki ɗaya. Amma jihohi 11 da suka ɓalle ba su ɓoye manufarsu ba, Carolina ta Kudu da Mississippi sun rubuta a takardun ɓallewarsu cewa batun bayi ne. Wanda ya zare takobi don ya dawwamar da zalunci shi ne a kan ɓata, kuma jinin sama da mutum 600,000 da ya zuba babban kasonsa yana wuyan masu wannan manufa. Baƙaƙen fata kusan 180,000 sun shiga rundunar arewa, cikinsu har da wani haifaffen Kukawa ta Barno da aka sani da Nicholas Sa'id.

Batun haramta halal kuwa, ka gaya wa abokinka cewa bautar da kamamme ba ibada ba ce, ba kuma wajibi ba. Shugaba yana da ikon rufe ƙofar abin da aka ba shi zaɓi a kansa idan maslaha ta buƙata. Ahmad Bey na Tunis ya rufe ta a 1846 da goyon bayan malaman ƙasarsa, shekara 19 kafin Amurka. Yau ƙasashen Musulmi sun ƙulla alkawarin hana ta, cika alkawari kuma wajibi ne da ayar farko ta Suratul Ma'ida. Duk wanda ya sayi mutum ko ya sayar a wannan zamani, ko da sunan kai shi aikatau ƙasar waje ne, ya shiga cikin ukun nan na hadisin Buhari.

Wallahu a'alam.